Renon Dashen Furanni: Ƙasar Tukunya Da Awon Taki

Iyayena da yayyena manoman kaɗa. Ni yaro ne a cikinku, akwai waɗanda sunka fara riƙon kalme tun ba a haife ni ba. Saboda haka ba zan ce zan koya muku noma ba. Abin da ya kawo ni yau magana ce guda, watau renon dashen furanni a cikin leda ko tukunya: irin ƙasar da za a zuba musu, da yawan takin da za a ba su. Ku kasa kunne, in na gama kowa ya yi tambayarsa.

DALILIN WANNAN MAGANA

Kun sani in an gama ɗibar kaɗa, an kai ta an auna, yawancinku garka kuke komawa. To, waɗansu samarinmu da ke zuwa manyan garuruwa irin su Maraɗi da Birnin Ƙonni da Yamai sun ga masu sayar da dashen furanni a bakin hanya. Masu gidaje suna saye, makarantu da ofisoshi da gidajen saukar baƙi suna saye. Sai su ma sunka fara gwadawa a gefen garkarsu. Sana'a ce mai kyau, ba ta son babban fili, ba ta son jari mai yawa. Amma na zaga na gani, da yawa suna asara. Iri ya fito lafiya lau, kafin sati uku ya mutu ko ya tsaya wuri guda. Mai shi ya ce iri ne ba shi da kyau, ko kuwa ya ce baki ne. Sau da yawa ba iri ba ne, ba kuma baki ba ne. Ƙasa ce da taki.

Ni kaina na sha wannan ɗacin. Shekarar da na fara aiki anka ba ni renon leda 200 na furanni domin wata makaranta. Na tafi fadama na ɗebo baƙar ƙasa mai danƙo, na haɗa ta da sabon kashin awaki, ina ganin na yi musu gata. Tsiro ya fito, na ga yana jinkiri, sai na bi ledojin da tsakar rana ina sa wa kowace tsunkulen yuriya, farin takin nan mai kama da sukari. Kwana uku ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Waɗanda sunka tsira ba su kai 30 ba. Wani dattijo mai garka kusa da ni ya zo ya duba, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin an ba jinjiri tuwo?" Ban sami abin cewa ba. Wannan tambaya tasa ita ce kan maganata duka. Ɗan tsiro jinjiri ne: shimfiɗa mai laushi yake so, da abinci kaɗan kaɗan.

TUKUNYA BA GONA BA CE

A gona saiwar kaɗa tana nitsewa ƙasa fiye da mita guda. In taki ya yi mata yawa a wuri ɗaya sai ta bi wani gefe, in ruwa ya kwanta a sama sai ƙasa ta shanye shi. Tsiron da ke cikin leda ba shi da wurin gudu. Abin da ka zuba masa da shi zai zauna, ko mai kyau ko mugu.

Ga lissafi ku ji. In ka raba buhun yuriya ɗaya mai kilo 50 bisa hekta guda, ƙasar da za ta cika ledar ruwan sha ta rabin lita, rabonta bai wuce ƙwaya biyu ko uku ba. Tsunkulen yatsa uku kuwa kamar giram 2 ne. Ke nan abin da na sa wa kowace leda ya ninka rabon gona fiye da sau 100. Yaya tsiro ba zai ƙone ba? Takin zamani gishiri ne. In ya yi yawa a jikin saiwa, maimakon saiwa ta sha ruwa, shi ne ke tsotse ruwan jikinta, kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama.

ABIN DA SAIWA KE SO

Saiwa abu uku take so a cikin tukunya: iska, da laima, da abinci. Mutane sukan tuna da ruwa da abinci su manta da iska. Saiwa tana numfashi. In ƙasa ta cushe, ruwa ya cika ƙofofinta, saiwa sai ta shaƙe ta ruɓe. Shi ya sa laka ta fadama ita kaɗai ba ta yi: in ta jiƙe ta zama kamar kunu, in ta bushe ta zama kamar tubali. Yashi shi kaɗai shi ma ba ya yi: iska tana shiga, amma ruwa ba ya tsayawa, abinci kuwa babu. Taki shi kaɗai yana da zafi. Dabara ita ce a haɗa su, kowane ya rufe aibin ɗan'uwansa.

KAYAN HAƊI

Na fari, ƙasar sama. A kankaro ta daga sama, kada a wuce zurfin taƙi guda. Wadda ta fi ita ce ta gindin gawo. Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa, shi ya sa geron gindinsa ya fi na fili. Wannan ƙasa tana da laushi, tana da ƙarfi daidai.

Na biyu, yashi. A ɗebo na gulbi mai manyan ƙwayoyi, wanda ruwa ya wanke. Rairayi mai laushi irin wanda iska ke tarawa yakan toshe ƙofofin ƙasa.

Na uku, ruɓaɓɓen taki. Ku lura da kalmar nan, ruɓaɓɓe. Kashin shanu ko na awaki ko na tumaki sai ya yi wata 3 zuwa 6 a rami, ana yayyafa masa ruwa ana juya shi. Alamar ya nuna huɗu ce: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, in ka cusa hannu cikinsa ba ka jin zafi, ƙanshinsa kamar na ƙasa ranar ruwan fari. In har kana iya gane wannan kashin akuya ne wannan na saniya, bai nuna ba. Sabon taki yana ƙone saiwa, yana kawo irin ciyawa da gwazarma da gara. Kashin kaji ya fi na shanu zafi ƙwarai, in shi za ka sa, ka sa rabin awo.

Akwai kuma abubuwan da ke sassauta ƙasa. Ɓuntun shinkafa da anka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba yana da kyau ƙwarai. Ɓawon gyaɗa da ya ruɓe anka daka shi ma haka. Amma ɗanyen garin katako daga wurin masu tsaga katako kada ka sa shi. Yayin da yake ruɓewa yana cinye abincin ganye da ke cikin ƙasa, sai ka ga tsiro ya yi rawaya.

A kantunan kayan noma na birni ana sayar da ƙasar reno a buhu, da kuma ɓawon kwakwar da anka niƙa anka matse kamar tubali. Suna da kyau, amma da tsada. Na kwakwa ba shi da abincin kirki, wani kuma yana zuwa da gishiri, sai an jiƙa shi an tsiyaye ruwan sau biyu ko uku. Wanda ke da gawo da gulbi da garke kusa da shi ba shi da bukatar kashe kuɗinsa a nan.

AWON HAƊI

Da kwano ɗaya za ka auna duka, ko tiya ko bokiti. Ka tankaɗe kowane da rariya, ka fid da duwatsu da itace. Haɗi iri biyu ne.

Haɗin shuka, watau wanda za a yafa iri a cikinsa: ƙasa kwano 2, yashi kwano 2, taki kwano 1. Wannan mara nauyi ne, abincinsa kaɗan.

Haɗin leda, watau wanda za a mai da tsiro a cikinsa bayan ya yi ganye: ƙasa kwano 2, yashi kwano 1, taki kwano 1. In ƙasarku jigawa ce mai yashi da yawa, ku bar yashin, ku yi ƙasa 3 taki 1. In mai danƙo ce, ku ƙara yashi ko babbakakken ɓuntu. Kowace ƙasa ce, kada taki ya wuce kashi ɗaya cikin uku na haɗin.

Wannan dabara ta raba haɗi biyu ba yau anka fara ta ba. A Ingila, cikin shekarun 1930, a wata makarantar binciken lambu mai suna John Innes, waɗansu ma'aikata biyu, Lawrence da Newell, sun ga ana asarar tsiro da yawa, sai sunka yi ta gwaji har sunka tsai da awo. Haɗinsu na shuka ƙasa 2 ne, ruɓaɓɓen gansakuka 1, yashi 1, da taki ɗan kaɗan. Na tukunya kuwa sunka yi shi hawa uku, na ɗaya, na biyu, na uku, ana ƙara taki yadda tsiro ke ƙara girma. Ƙasar kuma sai sun turara ta kafin su haɗa. Mu ba mu da irin gansakukarsu, amma hikimar ɗaya ce: ƙarami kaɗan, babba da yawa.

ƘASAR DA ZA A GUJE WA

Kada ka ɗebo ƙasa daga gonar da anka fesa wa maganin ciyawa a daminar da ta wuce. Sauransa yakan zauna a ƙasa wata da watanni, ɗan tsiro kuwa ba ya jure shi.

Kada ka ɗebo daga inda kaɗa ko kuɓewa ko tumatir ke yanƙwanewa su mutu a tsaye, ko inda in ka tuge su kake ganin saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Cutar tana cikin ƙasar.

Kada ka ɗebo daga inda farin kanwa ko gishiri ke fitowa bisa ƙasa da rani. Haka kuma ƙasar juji mai toka da yawa. Toka 'yar'uwar kanwa ce, in ta yi yawa tana hana saiwa shan sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito fari-fari.

KASHE CUTAR ƘASA

Kun san yadda ɗan tsiron kaɗa kan faɗi a gona in ruwa ya yi yawa, gindinsa ya tsuke ya yi baƙi. Irin wannan cuta ce ke share akwatin reno cikin kwana biyu. Wata irin funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa. Rigakafi ya fi magani, gama wanda ya riga ya faɗi ba ya tashi.

Hanya ta fari, rana. Cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai iyaka, ka shimfiɗa ƙasar bisa daɓe, kada kaurinta ya wuce santimita 15. Ka jiƙa ta, ka rufe da farar leda wadda ake ganin abin da ke cikinta, ka danne gefuna da ƙasa kada iska ta shiga. Ka bar ta sati 4 zuwa 6. Sa'an nan ka kwashe cikin buhuna masu tsabta ka ajiye a inuwa har lokacin reno.

Hanya ta biyu, turara. Wanda bai shirya tun bazara ba, ya sami rabin duro, ya zuba ruwa kaɗan, ya gitta itace bisa ruwan, ya aza buhun ƙasa mai laima, ya rufe, ya hura wuta. Ka binne ɗan ƙaramin dankali a tsakiyar ƙasar, in ya dafu ƙasa ta yi. Kada ka soya ƙasa a busashe har ta ƙone, wannan ɓata ta yake yi. In ta huce ka bar ta kwana kaɗan kafin ka yi shuka.

GWAJI KAFIN SHUKA

Kada ka cika leda ɗari biyu da haɗin da ba ka gwada ba. Ka yayyafa wa haɗin ruwa, ka dunƙula a hannu ka matse. In ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa. In ka buɗe hannu ya watse nan da nan, yashi ya yi yawa. In ya tsaya kamar dawo, ka taɓa shi da yatsa bai fashe ba, danƙo ya yi yawa. Mai kyau shi ne wanda ya tsaya, amma da ka taɓa shi ya marmashe.

Sa'an nan ka cika leda guda, ka huda gindinta wuri huɗu ko shida, ka zuba ruwa. Ya kamata ya nitse kana tsaye, ya fito ta ƙasa. In ka je ka dawo ruwa yana kwance, ƙara yashi.

Gwaji na ƙarshe, ka shuka ƙwayar wake 10 a cikin haɗin, ka jira sati guda. In sun fito kore shar, to. In sun ƙi fita, ko sun fito a murɗe, ko bakin ganye ya ƙone, akwai sauran magani ko zafin taki. Gara ka yi asarar wake goma da ka yi asarar irin da ka saya da tsada.

KARANTA LAMBAR BUHU

Yanzu maganar takin zamani. Kowane buhu yana da lamba a jikinsa. Mai lamba 15-15-15, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kamfa, abinci uku ne a cikinsa, kowane kashi 15 cikin 100. Na fari azot, shi ne mai ganye da tsawo. Na biyu fosfor, shi ne mai saiwa. Na uku potas, shi ne mai ƙarfin jiki da jure wahala. Yuriya kuwa azot ne zalla, kashi 46 cikin 100. Ke nan ta ninka 15-15-15 sau uku wajen azot, ba ta kuma da sauran biyun. Saboda haka yuriya ba takin reno ba ce.

Ku da kanku kun san abin da azot ke yi in ya yi yawa. Kaɗar da anka shuka a tsohon makwancin shanu takan yi tsawo ta fi mutum, ganye baƙi ƙirin, amma 'ya'ya kaɗan, kuma ta makara. Furanni ma haka suke. Mai saye kuwa fure ya zo nema, ba ganye ba.

Akwai wani abu da ya shafe ku musamman. Takin da ake yi domin kaɗa a ƙasashe irin su Benin da Kamaru yakan zo da lamba biyar maimakon uku, kamar 14-23-14-5-1. Lamba ta huɗu farar wuta ce, ta biyar wani sinadari ne da ake kira boro. Kaɗa tana bukatarsa domin ta riƙe fure da 'ya'ya. Amma tsakanin boro da ya isa da wanda ya zama dafi tazarar kaɗan ce, a cikin leda kuwa yana taruwa, ya ƙone bakin tsofaffin ganye. Saboda haka domin reno ka nemi 15-15-15. In babu sai na kaɗa, ka raba awon da zan faɗa biyu, ka kuma riƙa tsallake sati guda.

AWON TAKI

Ma'auninmu murfin kwalbar lemo ne. In ya cika da 15-15-15 kamar giram 6 ne. Wannan ma'auni waɗansunku sun san shi, gama shi ne masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sunka yaɗa domin sa wa gero taki rami rami. Amma mu a nan ba za mu sa ƙwaya a cikin leda ba. Narkar da shi za mu yi. Ka daka takin, ka jiƙa shi a gwangwani tun da dare, da safe ka tace da ƙyalle, ka zuba cikin bokitin ruwa mai lita 10.

Hawa na ɗaya, daga shuka har tsiro ya yi ganyen gaskiya: babu taki ko kaɗan. Ganye biyun da ke fara fitowa ba ganyen gaskiya ba ne, guzuri ne da iri ya zo da shi. Ruwa kawai.

Hawa na biyu, in ya yi ganyen gaskiya biyu, ka mai da shi ledarsa, ya yi sati guda ya kama: murfi 1 cikin lita 10, sau ɗaya a sati.

Hawa na uku, in ya yi ganye huɗu zuwa shida: murfi 2 cikin lita 10, sau ɗaya a sati. Nan ne iyaka, kada ka wuce.

In takin gida da ke cikin haɗinka mai kyau ne, yakan ɗauki tsiro sati uku ko huɗu ba a ƙara kome ba. Ka dubi ganye. In kore ne, yana girma, ka bar shi. Ba a yi wa mai lafiya allura.

Dokoki uku na zuba ruwan taki. Kada ka zuba wa busasshiyar leda, fara ba ta ruwan banza. Kada ka zuba da tsakar rana, sai da sassafe ko da la'asar sakaliya. In ka gama ka yayyafa ruwan banza ya wanke ganye. Kuma kada ka yi aiki da famfon da anka fesa maganin ciyawa da shi, ko jarkar maganin ƙwarin kaɗa, ko an wanke.

Bokiti ɗaya yana isar ƙananan leda kamar 100. Mai leda 200, in ya yi sati biyu a hawa na biyu, sati biyu a hawa na uku, murfi 12 zai kashe, bai kai giram 100 ba. Kun ga ke nan babu dalilin farke buhun da anka ba ka domin gona. Kilo ɗaya ya ishe ka rani guda har ka ba maƙwabci.

Wanda ba shi da kuɗin saye, ya ƙulla ruɓaɓɓen taki kwano 1 a buhu, ya jefa cikin ruwa kwano 10, ya bar shi kwana uku. Ya ɗebi ruwan ya surka har ya yi kalar shayi mara ƙarfi, ya riƙa bayarwa sau ɗaya a sati.

MAGANAR GANYE

Tsiro ba shi da baki, amma ganyensa yana magana. In ganyen ƙasa ya yi rawaya, tsiro ya tsaya, yunwa ce, ba shi ruwan taki. In bayan ganye ya yi shuɗi-shuɗi mai ja, ko ƙarancin fosfor ne ko sanyin hunturu. In bakin ganye ya ƙone, ka ga fari-fari bisa ƙasar leda, taki ya yi yawa ko ruwan rijiyarka yana da kanwa. Ka yi ta zuba ruwa mai daɗi har ya fita ta gindi sosai, ka dakatar da taki sati biyu. In sabon ganye ya yi fari amma jijiyoyinsa kore, toka ce ko kanwa, ƙarin taki ba ya maganinsa, sai canjin ƙasa. In tsiro ya yi tsawo siriri yana faɗuwa, inuwa ta yi yawa ko azot. In ya tsuke a gindi ya kwanta, cutar nan ce: ka cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi ka yar nesa, ka rage ruwa, ka bar iska ta shiga.

KOWANE FURE DA HALINSA

Akwai mai fure rawaya ko ruwan goro, ganyensa yana da wari, masana suna ce masa Tagetes. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne. Shi ya fi sauƙi, da shi ya kamata sabon shiga ya fara. Yana fita cikin sati guda, yana fure kafin wata biyu ko kusa da haka. Yana kuma da wani amfani a garka: saiwarsa tana rage ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir ƙulu-ƙulu. Amma sai an cika fangali da shi ya yi wata biyu ko fiye kafin a dasa tumatir. Guda biyu a gefe ba su yin kome.

Akwai ziniya, ita ma daga Meziko, mai launi iri iri. Ba ta son a taɓa saiwarta, saboda haka a shuka ta kai tsaye cikin leda, ƙwaya biyu, in sun fito a bar mai ƙarfi.

Akwai wadda Faransawa ke kira pervenche, mai fure fari ko ja-ja, asalinta tsibirin Madagaska. Tana jure rana da ƙishi, amma ba ta son laima mai yawa, ba ta son sanyi. A ƙara mata yashi, a rufe irinta da kyau gama a duhu yake tsira, kada kuma a shuka ta tsakiyar ɗari. Tana da dafi, a tsare ta daga yara da dabbobi.

Akwai buganbil mai ƙaya, mai hawa katanga. Shi da reshe ake renonsa. A kafa reshen cikin yashi mai laima a inuwa, babu taki sam sai ya yi saiwa.

Wannan haɗi da wannan awo har wa yau suna yi wa tumatir da tattasai da barkono da gauta. Wanda ya iya renon fure ya iya renonsu.

SHUKA DA FITARWA

Lokacin da ya fi kyau shi ne in ruwa ya ɗauke, cikin Oktoba da Nuwamba. Zurfin shuka kamar kaurin ƙwayar sau biyu. Ka yi rumfar zana ko ta karan gero wadda hantsi ke shiga, ka kare gefen da iskar hunturu ke bugowa. Ban ruwa da gwangwani mai ƙananan huji, kada ruwa ya tone iri. Kafin ka zuba ka cusa yatsa, in da laima ka bari.

Saura sati guda ka kai kasuwa ko ka dasa, ka dakatar da taki, ka rage ruwa, ka riƙa janye rumfa kaɗan kaɗan har ya saba da rana. Dashe mai kyau gajere ne kakkaura, in ka zare ledar ka ga farar saiwa ta riƙe ƙasa. Wanda ya sayi irin wannan ya ga ya kama a gidansa, kai zai nema baɗi.

Ban ce ku yarda da maganata don na faɗa ba. Gani ya kori ji. Kowa ya jera leda 30 a layi uku, ƙasa ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya. Layi na fari ruwa kaɗai, na biyu awon da na faɗa, na uku murfi 6 cikin lita 10. Bayan wata guda in na zagayo mu tsaya bisa kansu tare, Maigari ya yi mana alƙalanci. Wanda kuma ya ga wata alama a ganye bai gane ta ba, ya ɗauko ledar ya kawo mini ranar kasuwa.